Arne Tiselius: Masanin Da Ya Rarrabe Furotin Na Jini

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya taɓa karɓar takardar gwajin jini ya ga an rubuta AA, AS ko SS, to ya ci gajiyar aikin wannan masani.

An haifi Tiselius a Stockholm, ƙasar Suwidin, ranar 10 ga Agusta, 1902, ya kuma tashi maraya. Ya yi karatu a Jami'ar Uppsala, inda ya zama mataimakin Farfesa Svedberg a 1925, ya sami digirin dakta a 1930.

Furotin iri-iri ne gauraye cikin jini. Idan aka ratsa ruwan jini da lantarki, kowane iri da saurin tafiyarsa, da haka suke rabuwa. A 1937 ya kyautata na'urar wannan aiki, ya raba furotin na ruwan jini gida huɗu. Saboda irin wannan bincike aka ba shi lambar Nobel a 1948.

A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka bi hanyarsa, suka gano cewa furotin na jan jinin mai amosanin jini, wato sikila, ya bambanta da na sauran mutane. Nan ne tushen gwajin da Jihar Kano ta wajabta kafin aure a 2024.

Ya rasu a Uppsala ranar 29 ga Oktoba, 1971. Mu kuwa mutanen Kademi, Gaya da Ajingi, mu tabbata ƙannenmu sun yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.