TARIHI: Eleanor Glanville, matar da kotu ta soke wasiyyarta saboda bin malam-buɗe-littafi

A shekarar 1712 wata kotu a ƙasar Ingila ta zauna domin yanke hukunci kan wasiyyar wata mata da ta riga ta shekara uku a kabari. Babu wanda ya ce an ƙirƙiri takardar, babu kuma wanda ya musa cewa ita ta bar ta. Abin da masu ƙara suka kawo shi ne, wai marigayiyar ba ta cikin hayyacinta, hujjarsu kuwa ita ce an sha ganin ta a fadamu da kan tuddai tana bin malam-buɗe-littafi, tana kaɗa shingayen gonaki domin tsutsotsi su zubo ta kwashe. Kotu ta karɓi hujjar, ta soke wasiyyar. Sunan matar Eleanor Glanville, kuma shekara ɗari uku da ɗoriya bayan wannan hukunci, da sunanta ake kiran ɗaya daga cikin malam-buɗe-littafin da suka fi ƙaranci a Birtaniya.

An haife ta wajajen shekarar 1654, lokacin da ƙurar yaƙin basasar Ingila ba ta gama lafawa ba. Mahaifinta, William Goodricke, hafsan soja ne da ya yi yaƙi a ɓangaren majalisa. Dukiyar gidan ta fi yawa daga wajen mahaifiyarta, kuma ta nan ne Eleanor ta gaji filaye da wani tsohon gida mai suna Tickenham Court a lardin Somerset, ba nisa da birnin Bristol. Wurin yana bakin wata shimfiɗaɗɗiyar fadama mai yawan ruwa da ciyayi, irin ƙasar da ƙwari ke yi wa yawa da bazarar Turai.

A 1676 ta auri Edmund Ashfield, mutumin lardin Lincolnshire, ta haifa masa ɗa namiji mai suna Forest, sannan 'yan mata tagwaye waɗanda ɗaya ce ta rayu. Auren bai wuce shekara uku ba mijin ya rasu. A 1685 ta sake aure da Richard Glanville, kuma daga nan wahalarta ta soma. Mutum ne mai mugun hali da saurin hannu, har ya taɓa auna ta da bindiga ɗure da harsashi. Kafin ƙarnin ya ƙare sun rabu, shi kuma ya koma zama da wata mace, amma idonsa bai bar dukiyar Eleanor ba.

Bayan rabuwar ne ta duƙufa ga abin da take sha'awa tun tana ƙarama. Sai mai karatu ya san yadda zamanin yake kafin ya gane girman abin da ta ɗauko. A lokacin, mutane da yawa a Turai sun ɗauka tsutsa daga ruɓa da taɓo take fitowa haka kawai. A 1668 ne likitan Italiya Francesco Redi ya nuna da gwaji cewa tsutsar nama daga ƙwan ƙuda take, kuma a 1679 Maria Sibylla Merian ta fitar da littafinta a Jamus mai zanen yadda tsutsa ke rikiɗa ta zama mai fiffike. Wato ilimin nan jariri ne, masu yin sa a Ingila 'yan ƙalilan ne, kusan dukkansu maza: limaman coci, likitoci da masu haɗa magunguna. Mace mai gida da filaye ta fito tana lalube cikin ƙaya, wannan abu ne da maƙwabtanta ba su da ma'aunin da za su auna shi da shi, in ban da hauka.

Hanyar aikinta mai sauƙi ce, kuma ita ce masana ke bi har yau. Ana shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashin itace ko shinge, a doki rassan da sanda, tsutsotsin da ke kai su faɗo. Sai ta kai su gida, ta ciyar da kowace da ganyen da aka same ta a kai, ta jira ta ga abin da za ta zama. Aiki ne na haƙuri, domin wata tsutsar sai ta yi watanni a dunƙule kafin ta fito, wata kuma ta mutu ba a san dalili ba. Ta koya wa barorinta da 'yan matan ƙauye wannan sana'a, tana biyan su kuɗi mai kauri a kan duk abin da suka kawo mata lafiya lau ba tare da fiffiken ya goge ba. Ta haka ta kasance cikin na farko da suka rubuta yadda ƙuruciyar wasu nau'o'in malam-buɗe-littafin Ingila take. Babban abokin gabarta a gida shi ne wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke shiga akwatuna su cinye busassun samfurori, kuma ta yi asarar tarin da ta sha wuya a kansa ta wannan hanya.

Wanda ya fi kowa sanin darajar aikinta shi ne James Petiver, mai shagon magunguna a Landan kuma ɗan ƙungiyar masana ta Royal Society. Petiver mutum ne mai tara duk abin da ya samu na tsirrai da ƙwari daga matuƙan jiragen ruwa da abokan wasiƙa, kuma shi ya soma raɗa wa malam-buɗe-littafin Ingila da yawa sunayen Turanci. Eleanor ta riƙa aika masa akwatunan samfurori tare da bayanin inda ta kama su. Amincin da ke tsakaninsu ya kai ta ba shi ɗanta ya koya masa sana'a. Cikin abin da ta aika akwai wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi da aka kama a Lincolnshire wajajen 1702, mai ruwan lemo da baƙaƙen layuka da suka sassaƙu kamar raga. Petiver ya buga hotonsa, ya kira shi da sunan lardin.

Sunan da Turawa ke kiran wannan dangi da shi, fritillary, asalinsa na fure ne. Akwai wani tsiro mai albasa a ƙasa da ke fitowa a fadamun Turai cikin watan Afrilu, furensa guda ɗaya ya sunkuyo kamar ƙararrawa, launinsa shunayya mai ɗigo-ɗigo a jere tamkar an zana gidajen dara. Masana tsirrai suka kira shi Fritillaria, daga kalmar Latin da ke nufin ɗan akwatin da ake kaɗa 'ya'yan caca a ciki. Rabin sunansa na biyu, meleagris, ma'anarsa zabo, kuma duk wanda ya taɓa duba gashin zabo da kyau ya riga ya san zanen furen ko da bai taɓa ganin sa ba. Da masu tara ƙwari suka ga irin wannan zane a fiffike, sai suka ari sunan. Babu wata alaƙar ci ko sha tsakanin furen da ƙwaron, kama ce kawai ta ido. Furen kansa ya yi ƙaranci a dajin Ingila tun da aka zuƙe ruwan fadamu aka nome su, har ya zama mafi yawan abin da ya rage yana fili guda ne, North Meadow da ke Cricklade a lardin Wiltshire.

Yayin da take wannan aiki, Richard Glanville yana nasa. Dokar Ingila ta wancan zamani ta ɗora dukiyar matar aure a hannun mijinta, sai dai in an ɗaure ta a hannun amintattu. Eleanor ta san haka, ta kuma yi hakan. Da mijin ya ga ƙofa ta rufe, sai ya bi ta kan 'ya'ya. Ya shirya aka ɗauke ɗan nasu, domin a matsa masa ya saki haƙƙinsa na gado, ya kuma yi ta hure wa sauran kunne har suka juya wa uwarsu baya. Ba abin mamaki ba ne idan mace a wannan hali ta zama mai zargi da saurin fushi, kuma waɗannan halaye ma an lissafa su daga baya cikin alamun haukarta. Da ta zo rubuta wasiyya, ta bar wa 'ya'yanta ɗan abin da ba shi da yawa, ta miƙa mafi girman dukiyar ga wani danginta na wajen uba, Sir Henry Goodricke, domin kada ta faɗa hannun mijin. Ta rasu a Tickenham a 1709.

Babban ɗanta Forest Ashfield ne ya kai ƙara. Aka tara shaidu masu yawa daga ƙauyukan yankin, kowa ya faɗi abin da ya gani: ta fita da shigar da ba ta dace da mace mai daraja ba, tana yawo a tuddai, tana biyan kuɗi a kan tsutsa. A nan marubucin wannan tarihi yana ganin ya kamata a yi wa shaidun adalci, domin ba lalle ne sun yi ƙarya ba. Sun ga abin da suka gani. Kuskuren yana wajen fassara, kuma fassarar ta yi wa masu neman gado daɗi. Irin aikin da ya sa ake girmama Petiver a Landan shi ne aka karɓa a matsayin shaidar taɓuwar hankali a Somerset. Forest ya karɓi gidan Tickenham, daga baya ya sayar.

Labarin bai tsaya yadda ya faru ba. Wajajen tsakiyar ƙarni na 18 masu tara ƙwari suka sauya wa ɗan malam-buɗe-littafin Lincolnshire suna, suka mayar da shi na Glanville. A 1766 Moses Harris ya ba da labarinta a littafinsa The Aurelian, amma ya juya ƙarshensa, ya nuna cewa manyan masana irin su Hans Sloane da John Ray sun tsaya mata a kotu har wasiyyar ta tabbata. Wannan ba zai yiwu ba, domin Ray ya rasu tun 1705, shekara huɗu kafin ita. An kuma riƙa liƙa mata laƙabin sarauta na Lady wanda ba ta taɓa riƙewa ba. Kusan shekara ɗari biyu ana maimaita wannan ruwaya mai daɗin ji, sai a shekarun 1960 masanin gizo-gizo W. S. Bristowe ya tono takardun shari'ar da wasiƙunta, ya gano cewa kotu a kanta ta yanke.

Shi kuwa ƙwaron, wanda Linnaeus ya sa wa sunan kimiyya cinxia a 1758, ya daɗe da ɓacewa daga Lincolnshire. A Birtaniya yanzu mazauninsa na asali gaɓar kudu ce ta tsibirin Wight, inda ƙasa ke zaftarewa daga gangaren teku ta bar sabon fili mai ɗumi, ciyawar da tsutsarsa ke ci ta tsiro. Tsutsotsin baƙaƙe ne masu jan kai, suna saƙa gida ɗaya na zare su yi sanyin hunturu a cikinsa tare, sannan su fito da fiffike a watannin Mayu da Yuni. A tsibiran Åland na ƙasar Finland, masanin muhalli Ilkka Hanski ya soma bin diddigin wannan nau'i daga farkon shekarun 1990 a dubban ƙananan filayen ciyawa, yana lura da yadda yake mutuwa a wani fili ya sake kama wani. Binciken ya zama ginshiƙi a ilimin yadda halittu ke rayuwa a muhallin da ya gutsuttsura.

Petiver ya rasu a 1718, Hans Sloane ya sayi tarinsa, kuma tarin Sloane ne aka kafa gidan tarihin Birtaniya da shi a 1753. Ta wannan hanya samfurori uku da suka fito daga hannun Eleanor Glanville, malam-buɗe-littafi ɗaya da 'yan uwansa biyu masu tashi da dare, suka tsira daga ƙwarin da suka cinye sauran. Suna ajiye a gidan adana tarihin halittu na Landan, cikin mafi tsufan irinsu da suka rage a ƙasar.