Sunday Bada, Ɗan Tseren Da Ladansa Ya Iso Bayan Ransa

An haifi Sunday Bada a garin Kaduna ran 22 ga Yuni, 1969, ana cikin yaƙin basasa. Ranar kuwa Lahadi ce, kamar yadda sunansa ya nuna. Da a gidan Bahaushe aka haife shi, da Ɗanladi za mu riƙa ce masa. Iyayensa mutanen Ogidi ne, cikin ƙasar da a ke kira Jihar Kogi yanzu. Da ya girma ya shiga aikin ɗan sanda, har ya zama hafsa. Amma abin da ya kai sunansa ƙasashen duniya shi ne gudu.

Tseren da ya fi gwaninta a ciki shi ne na mita 400, watau zagaye ɗaya na babban filin wasa, kusan kwata na mil ke nan. Kada mai karatu ya rena wannan tsawo. Mai gudun mita 100 ya kan gama tun gajiya ba ta same shi ba. Mai gudun mil uku ya kan tafi a hankali yana ajiye ƙarfinsa. Mai mita 400 ba shi da ko ɗaya cikin biyun, gama dole ya tashi da ƙarfi tun daga fari, ya kuwa riƙe shi har ƙarshe. Yaranmu na makarantun Hunkuyi da Kudan da Makarfi da Ikara waɗanda suka taɓa gwadawa ran wasannin makaranta sun san abin da ya kan faru in an juyo kwana ta ƙarshe: ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, ƙirji yana zafi, ga layin ƙarshe ana gani amma ya ƙi matsowa.

Cikin 1990 ya fara zama zakaran Nijeriya a wannan tsere, ya kuwa riƙe matsayin nan shekara takwas a jere, har 1997. A 1991 ya zo na biyu a Wasannin Afirka a birnin Alƙahira. A 1992 ya ci tseren Kofin Duniya a Habana ta ƙasar Kuba cikin sakan 44.99, karo na fari ke nan da ya sauko ƙasa da sakan 45. Gudunsa mafi sauri duka a ƙasar Jamus ya yi shi, a birnin Stuttgart, cikin 1993: sakan 44.63. Amma a zagayen kusa da na ƙarshe ya yi wannan. Ran da aka yi na ƙarshe, inda a ke ba da lambobi, sai ya zo na biyar. Michael Johnson na Amurka ya ci. Ku riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi.

Wanda ya bi labarin shekarun nan zai ga Bada kullum yana bakin ƙofa, wani yana riga shi shiga. Akwai wata gasar duniya da a ke yi cikin babban ɗaki rufaffe, saboda sanyin ƙasashen Turawa. Filinta ƙarami ne, mita 200, sai an zaga sau biyu, kwanoninsa kuma a karkace su ke. Wanda ya riga kama layin ciki bayan kwana ta biyu, da wuya a wuce shi. A wannan gasa Bada ya zo na biyu a Toronto cikin 1993, ya sake zuwa na biyu a Basalona cikin 1995, duka biyu kuwa Ba'amurke ne a gabansa. Tsakaninsu, a 1994, ya zo na uku a wasannin ƙasashen renon Ingila. Wani da tuni ya gaji ya zauna. Shi ya koma karo na uku, a Faris, cikin Maris 1997, yana da shekara 27, ya ci cikin sakan 45.51. Ba a taɓa samun ɗan Afirka da ya yi saurin nan cikin ɗaki ba kafin ran nan.

Yanzu sai mu zo ga tseren miƙa sanda, gama a nan ne nauyin labarinsa ya ke. Mutum huɗu ne a ƙungiya, kowa ya yi mita 400 ya miƙa wa na gaba ɗan gajeren sanda. Kun ga yadda magina su kan jeru suna miƙa tubali daga hannu zuwa hannu: in ɗaya ya yi sanyin jiki, aikin duka ya tsaya, kome ƙarfin sauran. Haka wannan tsere ya ke. Na fari yana gudu cikin layinsa shi kaɗai. Daga na biyu sai a haɗu a layi ɗaya, ana gogayya da kafaɗa da gwiwar hannu. Na uku da na huɗu su kan tsaya suna jira a jere bisa ga matsayin 'yan'uwansu, kowa yana waige, yana aunawa ko ɗan'uwansa da sauran ƙarfi ko ya ƙare. Bada ya daɗe cikin wannan aiki. Yana cikin ƙungiyar Nijeriya da ta zo ta biyar a wasannin Olamfik na 1992, da kuma wadda ta sami lambar tagulla a gasar duniya ta 1995 a ƙasar Suwidin.

Ran 30 ga Satumba, 2000, aka yi tseren ƙarshe na Olamfik a birnin Sidni ta Ostareliya. Bada yana da shekara 31, a wurin masu irin gudun nan tsufa ke nan. Clement Chukwu ya fara, ya miƙa wa Jude Monye, Monye ya miƙa wa Bada, Bada kuma ya miƙa wa Enefiok Udo-Obong, yaro ɗan shekara 18. Amurkawa sun yi nisa tun da wuri. Jamaika da Bahamas kuma suna gaban Nijeriya sa'ad da yaron ya karɓi sanda, amma ya bi su, ya wuce su duka biyu dab da ƙarshe. Nijeriya ta gama cikin minti 2 da sakan 58.68, Jamaika cikin minti 2 da sakan 58.78. Kashi ɗaya cikin goma na sakan ya raba su, bai kai ƙiftawar ido ba. Amurka, wadda Michael Johnson ya rufe mata tsere, ta yi minti 2 da sakan 56.35. Aka rataya wa Amurkawa zinariya, aka buga taken ƙasarsu. Bada ya tsaya a matakin na biyu, inda ya saba, da azurfa a wuyansa.

Ya sake zama zakaran Nijeriya a 2001, sa'an nan ya bar gudu. Daga baya ya zama daraktan horaswa na hukumar wasannin guje-guje ta Nijeriya, yana duba al'amarin 'yan baya.

Ashe akwai abin da ke ɓoye. Cikin Mayu 2008, a gaban wata kotu a Amurka, Antonio Pettigrew, wanda ya yi gudu na biyu cikin Amurkawan nan huɗu, ya amsa da bakinsa cewa tun 1997 yana amfani da magungunan da aka haramta wa 'yan wasa. Ɗaya daga ciki ana kiransa EPO. Likitoci sun yi shi domin masu ƙarancin jini, gama yana ƙara jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska zuwa tsoka. In mai lafiya ya yi amfani da shi, nauyin ƙafar nan da muka faɗa a kwana ta ƙarshe ba ya kama shi da wuri kamar sauran mutane. Kafin wannan ma an riga an hukunta tagwayen nan Alvin da Calvin Harrison, abokan gudunsa ran nan, a kan laifin magunguna, haka kuma Jerome Young wanda ya yi musu gudun share fage. Michael Johnson ba a same shi da laifi ba, amma da ya ji abin da Pettigrew ya faɗa sai ya ce zai mayar da lambarsa tun ba a tambaye shi ba. Ya kamata a yaba masa a kan wannan. Cikin Agusta 2008 kwamitin Olamfik na duniya ya ƙwace zinariyar daga Amurka.

To, mai karatu zai ce magana ta ƙare, sai a ba na biyu. Ba haka aka yi ba. Kwamitin ya ajiye zinariyar, ya bar gurbin na ɗaya babu kowa, shekara ta bi shekara. A ganinmu a nan ne aka fi cutar mutanen nan. Zaluncin fari a ɓoye aka yi shi, alƙalan fili ba su da hanyar sani. Amma bayan mai laifi ya amsa a gaban kotu, aka kuma karɓe abin daga hannunsa, me ya rage da zai ci shekara huɗu? Ko alƙalin kasuwar ƙauye, in an kama ɓarawon akuya ya amsa, ba ya ɗaure akuyar a ƙofar gidansa mai ita yana kallo. Waɗanda ke zaune a ofis suna ganin takarda ce kawai za ta jira. Ɗan tsere kuwa kwanakin cin amfanin sunansa kaɗan ne, taken ƙasarsa da ba a buga masa a gaban taron Sidni ba kuma, ba mai iya tara mutanen nan a sake buga masa.

Ran Litinin 12 ga Disamba, 2011, Sunday Bada ya rasu farat ɗaya a Ikko, yana da shekara 42. Ya san zinariyar hakkinsu ce, amma a littafin Olamfik har ran nan na biyu ya ke.

Ran 21 ga Yuli, 2012, kwamitin ya zauna a Landan, ana shirin buɗe wasannin shekarar, ya tabbatar wa Nijeriya zinariya, Jamaika azurfa, Bahamas tagulla. Wata bakwai da kwana tara ke nan bayan rasuwarsa. Mutum shida aka rubuta: huɗun da suka yi tseren ƙarshe, da Nduka Awazie da Fidelis Gadzama waɗanda suka taimaka a zagayen farko. Har zuwa wasannin Faris na 2024 zinariya uku kaɗai Nijeriya ta taɓa samu a Olamfik: ta Chioma Ajunwa, wadda ita ma 'yar sanda ce, a dogon tsalle cikin 1996, da ta 'yan ƙwallon ƙafa cikin shekarar nan, sai wannan ta Sidni.