Wallace Sabine, Malamin Da Ya Auna Amsa-Kuwwa

Mu da muke shirin zama malamai, da murya muke aiki. In ɗakin karatu ya ɓata ta, darasin da muka kwana shiryawa ya tashi a banza. Saboda haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana labarin Wallace Sabine, mutumin Amurka, wanda aka haifa a jihar Ohayo cikin 1868.

A 1895 Jami'ar Harvard ta buɗe wani sabon ɗakin lacca a gidan kayan tarihi na Fogg. Ginin ya ƙayatu, amma in malami ya furta kalma sai ta yi ta yawo cikin ɗakin fiye da sakan 5, ta cakuɗa da kalmomin da ke biye da ita, ba mai gane kome. Shugaban jami'ar, Charles Eliot, ya ɗora wa Sabine gyaran. A lokacin shi ƙaramin malamin kimiyya ne, shekararsa 27, bai kuwa taɓa nazarin sauti sosai ba.

Da dare yake aiki, sa'ad da gari ya yi tsit. Kayan aikinsa bututun ogan ne guda, da agogo mai ƙirga sakan, da kunnensa. Sai ya busa bututun, ya tsayar, ya auna tsawon lokacin da ƙarar za ta yi kafin ta mutu. Sa'an nan shi da mataimakansa su kwaso matasan zama daga wani babban ɗakin taro na jami'ar, su shimfiɗa, ya sake aunawa, su mayar da su kafin gari ya waye. Haka ya yi ta yi har kusan shekara 3. A ganina wannan jimirin ya fi kome ban sha'awa a labarinsa.

Ga abin da ya gano. Bango mai tauri yana mayar da sauti, abu mai laushi kuwa yana shanye shi. Gwargwadon girman ɗaki, gwargwadon daɗewar amsa-kuwwa. Gwargwadon yawan kaya masu laushi, gwargwadon saurin mutuwarta. Ya mayar da wannan lissafi, yadda magini zai san halin ɗaki tun bai aza tubali ba. Jikin mutum ma yana shanye sauti, kamar matasai 6. Ashe shi ya sa aji yakan yi ƙara in ba kowa, ya lafa in yara sun cika shi.

Aka gyara ɗakin Fogg da abu mai kauri irin bargo a bango. Daga nan aka nemi shawararsa wajen gina babban ɗakin kiɗa na Boston, wanda aka buɗe a 1900, har wa yau kuma ana lasafta shi cikin mafi daɗin sauti a duniya.

Sabine ya rasu a 1919, yana da shekara 50. Ma'aunin da ake auna shanyewar sauti da shi, sunansa aka sa masa, watau sabin.