Edgar F. Codd

Edgar Frank Codd (19 ga Agusta, 1923 – 18 ga Afrilu, 2003), wanda aka fi sani da Ted Codd, masanin lissafi da kimiyyar kwamfuta ne haifaffen Ingila. Shi ya ƙirƙiro tsarin adana bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna, wanda mafi yawan bankuna, jami'o'i da ma'aikatun gwamnati ke dogaro da shi a yau.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Codd a Fortuneswell da ke tsibirin Portland, a gundumar Dorset ta kudancin Ingila. Ya karanci lissafi da kimiyyar sinadarai a Kwalejin Exeter ta Jami'ar Oxford, kuma ya yi aikin tuƙin jirgi a rundunar sojan sama ta Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin ya ƙaura zuwa New York, inda ya kama aiki da kamfanin IBM. A 1953 ya koma Ottawa ta ƙasar Kanada saboda ƙin jinin farautar 'yan kwaminisanci da Sanata Joseph McCarthy ke jagoranta. Daga baya ya dawo Amurka, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Michigan a 1965, sannan ya koma cibiyar bincike ta IBM da ke San Jose, a jihar Kalifoniya.

Tsarin alaƙa

A wancan zamani, rumbunan bayanai irin su IMS na IBM suna jera bayanai ne kamar rassan bishiya. Mai neman bayani sai ya san hanyar da aka bi aka ajiye shi, kuma da zarar an sauya tsarin ajiyar, sai an sake rubuta manhajojin da ke amfani da shi. A watan Yunin 1970, Codd ya wallafa maƙala a mujallar Communications of the ACM, inda ya ba da shawarar a zuba dukkan bayanai cikin jadawalai masu layuka da ginshiƙai. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, neman hanya kuma ya zama aikin na'ura.

Abin da ke ɗaure jadawalan shi ne mabuɗi. Kowane layi yana da babban mabuɗi, wato lamba ko alamar da babu wani layi mai irinta. Idan wannan lamba ta bayyana a wani jadawalin domin ta nuna dangantaka, ana kiranta baƙon mabuɗi.

Misali, a ce ana son rajistar manoma a jihar Zamfara. Jadawali na farko zai ƙunshi ƙananan hukumomi: Gusau lamba 1, Tsafe lamba 2, Bungudu lamba 3. Jadawali na biyu zai ƙunshi manoma, kowane da lambarsa, tare da lambar ƙaramar hukumarsa. Ƙaramar hukuma ɗaya tana da manoma da yawa, amma kowane manomi a ƙarƙashin guda ɗaya yake. Wannan ita ce alaƙar ɗaya da masu yawa. Amfanin gona kuwa daban ne, domin manomi ɗaya kan noma gero da dawa da auduga, kuma kowane iri yana da manoma da yawa. A nan sai a buɗe wani jadawali a tsakani, wanda kowane layinsa ke haɗa lambar manomi da lambar amfanin gona.

Hikimar ita ce a rubuta kowane bayani a wuri ɗaya tak. Da za a riƙa maimaita sunan Bungudu a gaban kowane manomi, wani ma'aikaci zai rubuta shi da wasu haruffa dabam, ƙidaya ta ruɗe, wasu manoman su faɗi daga lissafin rabon taki. Domin kauce wa irin wannan, Codd ya gindaya matakan tace jadawali: na farko a 1970, na biyu da na uku a 1971, sai wani mai tsauri da ya fitar tare da Raymond Boyce a 1974.

Karɓuwa da saɓani

IBM bai yi gaggawar rungumar tsarin ba, domin yana samun riba daga IMS. A 1974 Codd ya yi muhawara a bainar jama'a da Charles Bachman, jagoran masu kare tsohon salo. A shekarar ce kuma Donald Chamberlin da Boyce suka fitar da harshen SEQUEL, wanda ya zama SQL. Kamfanin Larry Ellison ya riga IBM shiga kasuwa da Oracle a 1979, shi kuwa IBM sai a 1981 ya fitar da SQL/DS, sannan DB2 a 1983.

Codd bai gamsu da SQL ba, yana ganin ya kauce wa ƙa'idojin lissafin da ya shimfiɗa, musamman da ya yarda layi ya maimaitu a jadawali. A 1985 ya wallafa sharuɗɗansa da aka fi sani da dokoki 12 a mujallar Computerworld, domin bambance rumbun alaƙa na gaskiya da wanda ya ari sunan kawai. Ya kuma yi aiki a kan Rendezvous, wani yunƙuri na bai wa mutum damar tambayar rumbun bayanai da Turancin yau da kullum.

Karramawa da mutuwa

IBM ya ba shi matsayin babban masani na kamfanin a 1976, kuma ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1981. Bayan ya bar IBM, ya kafa kamfanin ba da shawara tare da Chris Date da Sharon Weinberg, wadda ta zama matarsa. Ya mutu sakamakon ciwon zuciya a gidansa da ke tsibirin Williams, a jihar Florida, yana da shekara 79. A 2004 ƙungiyar SIGMOD ta sanya sunansa a kan babbar lambar yabonta ta ƙirƙira.