Wilhelm Rontgen: Ɗalibin da Aka Kora Ya Gano Hasken Eksire

Duk wanda aka taɓa yi wa hoton ƙashi a asibiti ya ci moriyar aikin Wilhelm Rontgen. An haife shi ranar 27 ga Maris, 1845, a garin Lennep na ƙasar Jamus, amma a Holan ya girma. Yana makarantar fasaha a Utrecht aka zarge shi da yin zanen barkwanci na wani malami, alhali wani ɗalibi ne ya zana. Aka kore shi ba takardar shaida. Bai karaya ba, ya tafi Zurik a ƙasar Suwizalan ya karanci aikin injiniya, har ya sami digirin digirgir a 1869.

Ranar 8 ga Nuwamba, 1895, yana gwaji a Jami'ar Wurzburg da wani bututun gilashi da ake sakar wa wutar lantarki. Ya rufe bututun da baƙin kwali, ya kashe fitila, sai ya ga wani allo da aka shafa wa sinadari yana ƙyalli a gefe. Wani haske da ido ba ya gani ne ya ratsa kwalin. Da yake bai san ko mene ne ba, ya sa masa suna X, harafin da muke ba abin da ba a sani ba a lissafi. Ranar 22 ga Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa Anna Bertha, ƙasusuwa da zobenta suka fito.

Bai tsaya ga jikin mutum ba. Ya ɗauki hoton bindigarsa ta farauta, aka ga abin da ke cikinta har da lahanin ƙarfen. Wannan hanya ce injiniyoyi suka faɗaɗa. A walda da hasken leza, zafi kan huda siririn rami a cikin narkakken ƙarfe. Idan ramin ya rufta, yakan danne kumfar iska, wurin ya yi rauni, kuma daga waje ba a gani. A cibiyar bincike ta DESY da ke Hambug, ana haska eksire mai ƙarfi ta cikin ƙarfen, a ɗauki dubban hotuna a daƙiƙa guda, a ga yadda kumfar ke samuwa. Da haka ake gyara waldar batirin motoci masu lantarki.

A 1901 Rontgen ya zama mutum na farko da ya karɓi kyautar Nobel a fannin fiziks, ya kuma ba jami'arsa kuɗin. Ya ƙi yin rajistar mallakar abin da ya gano, don kowa ya amfana. Bayan Yaƙin Duniya na Farko hauhawar farashi ta cinye dukiyarsa. Ya rasu a Munik ranar 10 ga Fabrairu, 1923, yana da shekara 77.