Mackintosh: Gwanin Gini Da Ya Ƙare Rayuwarsa Yana Zana Ƙauyuka

Matasa, yau za mu leƙa tarihin wani mutum da kasuwar sana'arsa ta mutu, amma bai bar basirarsa ta bi ta kabari ba.

An haifi Charles Rennie Mackintosh a birnin Glasgow na yankin Scotland a Birtaniya ranar 7 ga Yuni, 1868. Mahaifinsa ɗan sanda ne. Yana ɗan shekara 16 ya shiga koyon zayyanar gine-gine a wurin wani ubangida, da rana aiki, da dare makarantar koyon zane. Kafin ya cika talatin, zayyanarsa aka zaɓa don gina wa wannan makaranta sabon mazauni, ginin da aka kammala a 1909, wanda har gobe ake lissafa shi cikin fitattun gine-ginen Birtaniya.

To amma duniya rawar 'yan mata ce. Kwangila ta ja baya, masu kuɗi suka koma wa wani salon. A 1914 shi da matarsa Margaret, ita ma mai zane, suka bar Glasgow zuwa ƙauyen Walberswick a gaɓar tekun Ingila, inda ya duƙufa zana furanni. Can ma bai sha da daɗi ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, sai aka zarge shi da yi wa Jamus leƙen asiri, dole ya koma Landan.

A 1923 aljihu ya yi sanyi, suka ƙaura kudancin Faransa saboda rayuwa ta fi araha, daga baya suka zauna a Port-Vendres, wani ƙaramin gari na bakin teku kusa da iyakar Sifaniya. Nan ya yi sallama da gini. Kayan aikinsa ba su wuce takarda, buroshi da fentin da ake damawa da ruwa ba. Sai ya fita ya zauna a fili, ya yi ta zana duwatsu, ganuwa, rufin gidaje da gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tudu. Ido ne na magini: kowane dutse yana zaune daram kamar an ɗora shi da awo, kuma da wuya ka ga mutum a ciki. Ya yi irin waɗannan zane wajen 40.

Ciwon dajin harshe ya mayar da shi Landan a 1927, ya mutu ranar 10 ga Disamba, 1928, yana da shekara 60, ba kuɗi, ba wani suna. Ginin da ya fi shahara da shi gobara ta ci shi sau biyu, a 2014 da 2018. Zane-zanen takardar nan kuwa suna nan a gidajen tarihi.

Abin lura, bai nemi wani abin mamaki ya zana ba, abin da ke gaban idonsa ya ɗauka. Kai da ke Dambatta, Bichi ko Makoɗa, ai kana da naka: rumbuna bayan girbi, kuka da ɗorawa a tsakiyar gona, zanko a saman soro, katangar ƙasa mai ado. Bulo da kwano suna ta cinye su, magina na da kuma suna ta ƙarewa. In hannunka na iya zane, ko da fensir ne, fara da gidan kakanka tun kafin damina ta kayar da shi.