Dakta Denis Burkitt, Likita Mai Ido Ɗaya

Kowa a cikinmu ya san kaluluwa. Idan yaro ya yi tuntuɓe ƙafarsa ta yi miki, bayan kwana biyu sai ya ji ƙullutu a matsematsinsa. Dalili kuwa shi ne, ban da jini akwai wani ruwa garai-garai da ke zagaya jiki ta siraran hanyoyi, likitoci suna kiransa limf. Hanyoyin nan suna ratsa wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a wuya da hammata da matsematsi da cikin ciki, inda fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait suke taruwa don yaƙi da cuta. Idan yaƙi ya yi zafi sai wurin ya kumbura, in an warke ya saɓe. Amma wani lokaci waɗannan ƙwayoyi sukan lalace, su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Wannan ciwon daji ne, sunansa limfoma. Akwai irinsa guda da ya fi kama yaran Afirka, ana kiransa da sunan mutumin da za mu ba da tarihinsa.

An haifi Denis Parsons Burkitt ran 28 ga Fabrairu 1911 a garin Enniskillen na tsibirin Ayilan. Mahaifinsa injiniya ne mai sha'awar tsuntsaye, yakan sa musu zobe a ƙafa, ya rubuta inda kowanne yake zama. A wurinsa Denis ya koyi lura da rubuta abin da ya gani. Yana ɗan shekara 11 jifa ta same shi, ya rasa idonsa na dama.

Ya shiga jami'a a Dublin don karatun injiniya. A can bangaskiyarsa ga Almasihu ta ƙarfafa, ya ji kira zuwa hidimar marasa lafiya, sai ya koma karatun likita, ya gama a 1935. Ya zama likitan fiɗa a 1938. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da sojoji a Gabashin Afirka, kuma a 1946 ya tafi Yuganda. Ya fara aiki a Lira, daga baya aka mai da shi asibitin Mulago a Kamfala.

A 1957 aka nuna masa wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Bai iya cetonsa ba. Ba da daɗewa ba ya ga wani yaron mai irin wannan kumburi a Jinja, shi kuma har da ƙari a ciki. Sai ya koma ya binciki tsofaffin takardun asibiti, a 1958 ya buga bayanin yara 38. Abokan aikinsa masu duba tsoka da madubin likita suka tabbatar cewa kumburin muƙamuƙi da na ciki duk ciwo ɗaya ne, kuma limfoma ne.

Daga nan ya so ya san inda ciwon yake da inda babu shi. Ya aika takardu masu hoto zuwa asibitocin gwamnati da na mishan a ko'ina cikin Afirka. A 1961 shi da likitocin mishan biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka hau tsohuwar mota suka yi tafiyar mil wajen 10,000 cikin mako 10, suka ziyarci asibitoci fiye da 50. Taswirar da ya zana ta nuna ciwon ya fi yawa a wurare masu ɗumi da yawan ruwan sama, ya yi ƙaranci a kan duwatsu masu sanyi da busassun ƙasashe. Wato yana bin sawun sauro.

A wannan shekarar kuma ya yi lacca a Landan, wani masani mai suna Anthony Epstein ya saurare shi, ya roƙi a riƙa aiko masa da tsokar ƙarin. A 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairus a ciki, ita ce ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Yau an san yawancin mutane suna ɗauke da ita lafiya lau. Amma inda zazzaɓin cizon sauro yake kama yaro a kai a kai, garkuwar jikinsa takan raunana, hanya ta buɗe wa ciwon.

Burkitt bai tsaya ga bincike ba. Da yake babu na'urar gashin ciwon daji a Yuganda a lokacin, ya roƙi magunguna daga kamfanoni ya gwada. Abin mamaki, kumburi ya riƙa narkewa cikin 'yan kwanaki, yara da dama suka warke sarai. A Ibadan ma Farfesa Victor Ngu ya yi irin wannan aiki, kuma su biyun suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka a 1972. Burkitt ya koma Ingila a 1966, ya duƙufa kan koyar da amfanin abinci mai dusa ga hanji. Ya rasu ran 23 ga Maris 1993, yana da shekara 82.

Ya ku ɗalibai da iyaye, mu nan Yako da Kiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa ba baƙin sauro ba ne. Wannan ciwo yana girma da sauri ƙwarai, ƙarin yakan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan fuskar yaro ta kumbura babu zafi sosai, haƙoransa suka fara girgiɗa, ko ido ya turo, ko ciki ya taso, kada a ce hangum ne a zauna jira. Kada kuma a kai shi a yi masa tsaga ko sakiya. A garzaya asibiti, su kuma za su tura shi babban asibitin koyarwa a Kano ko Shika ta Zariya. Yaran da aka kai da wuri suka kuma kammala shan magani suna da kyakkyawan zaton warkewa. A gida kuwa, kowane yaro ya kwana cikin gidan sauro.

Ku da za ku koma ƙauyukanku hutu, ku buɗe ido ku lura da ƙannenku. Allah ya ba mu zuciyar hidima irin ta wannan bawa nasa, amin.